Warin Bunsuru Ba Banza Ba Ne: Abin Da Binciken Ɓeraye Ya Koya Wa Mai Kiwo

Ɗan'uwa manomi, 'yar'uwa mai kiwo, ga wata tambaya da ake yawan yi wa malaman gona: me ya sa 'yar akuya da ba ta wuce wata 5 ko 6 ba, jikinta bai gama ginuwa ba, sai a wayi gari ta ɗauki ciki? A wani gidan kuma sa'arta da aka ɗaure ita kaɗai a turke sai ta ɗauki lokaci ba ta nemi barbara ba. Abinci yana da nasa, irin dabbar ma yana da nasa. Amma akwai abu na uku da ba a cika lura da shi ba, wato warin namijin da ke kusa da ita.

Wannan wari saƙo ne. Yana shiga ta hanci, ya isa ƙwaƙwalwa, ya tayar da jikin mace. Inda masana suka fi tantance yadda abin ke aiki kuwa shi ne a jikin ɓeran gida, wannan ɗan ƙaramin da ke huda maka buhu. Dalili shi ne ɓera yana balaga cikin 'yan makonni, saboda haka abin da za a jira shekara 2 kafin a gani a jikin karsana, a jikin ɓera wata 2 ya isa. Bari mu fara da ɓeran, sannan mu dawo garke, domin a nan kuɗinka yake.

Abin da aka gani a jikin ɓera

A shekarar 1967 wani masanin halayyar dabbobi mai suna John Vandenbergh, a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Ya ɗauki 'yan matan ɓeraye, wasu ya raine su tare da babban namiji, wasu kuma ba namiji a kusa da su. Waɗanda suka tashi tare da namijin sun riga sauran balaga da kusan kwana 20. Kada ka raina kwana 20 ɗin nan. Cikin ɓera gaba ɗaya kwana 19 zuwa 21 ne. Ka ga ke nan kafin wadda ba ta ga namiji ba ta fara neman barbara, 'yar'uwarta tana iya kasancewa a bakin haihuwa.

Sai tambaya ta biyu ta taso: ganin namijin ne, ko taɓa jikinsa, ko kukansa? A 1969 Vandenbergh ya cire namijin, ya riƙa ɗebo shimfiɗar kejin da maza suka yi fitsari a kai yana zuba wa 'yan matan. Balagar ta sake zuwa da wuri, ko da yake kasancewar namijin da kansa ta fi ƙarfi. Daga nan aka tabbatar cewa saƙon a cikin fitsari yake. Irin wannan sinadari da dabba ke fitarwa ya yi aiki a jikin wata dabba 'yar jinsinta shi ake kira feromon, kalmar da masana biyu, Peter Karlson da Martin Lüscher, suka ƙirƙiro a 1959.

Tun kafin wannan, a 1956, wani masani a Ostareliya mai suna Wesley Whitten ya lura da abu makamancin haka a jikin manyan mata. Idan aka tara matan ɓeraye wuri guda ba namiji, zagayen neman barbararsu yakan lafa. Da zarar an shigo da namiji, sai yawancinsu su nemi barbara kusan lokaci guda, galibi a dare na 3. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne ginshiƙin dabarar da za mu yi magana a kai nan gaba.

Daga maraina zuwa hanci, daga hanci zuwa mahaifa

Me ke sa fitsarin namiji ya zama mai ƙarfi haka? Homon ɗin mazantaka ne, wanda ake kira testosteron, kuma 'ya'yan maraina ne ke samar da shi. Homon sinadari ne da ke yawo a cikin jinin dabba yana ba gaɓoɓinta umarni. Bambancinsa da feromon shi ne homon a cikin jiki yake aiki, feromon kuma fita yake yi ya je ya yi aiki a jikin wani.

Gwaji ya nuna haka ƙarara. Idan aka dandaƙe ɓera, bayan 'yan kwanaki fitsarinsa ya daina gaggauta balagar mata. Idan aka yi masa allurar testosteron, ƙarfin fitsarin ya dawo. An kuma ga cewa fitsarin namijin da ke da rinjaye a kan sauran maza ya fi na wanda ake cin zalinsa tasiri. Testosteron ɗin ne ke sa hantar ɓera ta ƙera wasu furotin masu yawa da ke fita ta fitsari. Su waɗannan furotin suna riƙe ƙananan sinadaran wari, suna sakin su a hankali, shi ya sa inda ɓera ya yi fitsari warin ke daɗewa.

A ɓangaren mace kuma, akwai wata 'yar gaɓa a ƙasan kogon hanci, daidai saman rufin baki, wadda aikinta ke nan karɓar irin wannan saƙo. Ana kiran ta gaɓar Jacobson, da sunan likitan ƙasar Denmak da ya yi bayaninta fiye da shekara 200 da suka wuce. Idan aka cire wa 'yar ɓera wannan gaɓa, fitsarin namiji ba ya gaggauta mata balaga. Kai ma ka sha ganin aikinta ba ka sani ba. Duk sanda bunsuru ko rago ya shinshini fitsarin mace, ya ɗaga kai sama ya naɗe leɓe kamar mai yaƙe, to wannan gaɓar yake tura wa warin.

Daga hanci saƙon yana wucewa zuwa wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa. Shi kuma ya umarci wani ɗan ƙulli da ake kira fituwitari ya saki homon mai suna LH cikin jini. A jikin 'yar ɓera wannan homon yana ƙaruwa cikin 'yan sa'o'i da haɗuwarta da namiji. LH ya isa ma'ajiyar ƙwai, ƙwai ya fara nuna, homon ɗin mata ya ƙaru, mahaifa ta buɗe ta girma. Cikin 'yan kwanaki sai ƙwan farko ya fito. Balaga ke nan.

Amma fa ka lura da abu guda, domin shi ne zuciyar wannan bayani. Warin namiji yana gaggauta tashin mahaifa. Ba ya gaggauta girman ƙashi, ba ya faɗaɗa ƙugu, ba ya ƙara tsoka.

Mata ma suna da nasu saƙon

Fitsarin namiji yana turawa gaba, na mata kuma yana ja baya. Idan aka cunkusa matan ɓeraye da yawa a wuri ɗaya, fitsarinsu yana jinkirta balagar 'yan matan da ke tasowa. Wani masani mai suna Lee Drickamer ya yi aiki sosai a kan wannan a shekarun 1970. A 1980 kuma Vandenbergh da abokiyar aikinsa Adrianne Massey suka gwada abin a waje, a kan ɓerayen da ke zaune a filayen ciyawa da manyan tituna suka kewaye, inda ba su da hanyar fita. Lokacin da ɓerayen suka yi yawa, fitsarin matansu ya jinkirta balagar 'yan ɓerayen da aka gwada da shi. Lokacin da suke kaɗan, bai yi hakan ba.

Wato ɓeraye suna da birki da totur a cikin jikinsu. In wuri ya cika, a rage gudu. In an samu sarari da abinci, a taka.

Darasi ga mai rumbu da sito

Wannan ya bayyana wani abu da ke ba manoma haushi. Ka sa guba ko tarko, ka kwashe ɓeraye da dama, ka sami sauƙi na 'yan makonni, sai kuma ka ga sun dawo kamar ba a taɓa su ba. Duba lissafin: macen ɓeran gida tana balaga a mako 5 zuwa 8, cikinta mako 3, takan haifi 6 zuwa 8 a ciki ɗaya, kuma tana iya sake ɗaukar ciki kwana guda bayan haihuwa. Idan ka rage yawansu amma hatsin yana nan a buɗe, ka cire musu birki ne kawai, ka kuma rage masu rabon abinci.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka a haɗa kisa da hana abinci. A ɗora buhuna a kan katako, a janye su daga bango, a toshe ramuka da siminti, a share hatsin da ya zube, a nome ciyawar da ke kewaye da rumbu. Wanda ke da hali ya adana a durom mai murfi. A kuma wanke inda suka saba bi, domin fitsari shi ne alamar hanyarsu. Wajen sharar a rufe hanci da hannu, a ɗan yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi. Wani ɓeran daban, mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga gidaje daga gona, ta fitsarinsa da kashinsa ne zazzaɓin Lassa ke kama mutane.

Mu dawo garke

Abin da aka gani a ɓera yana nan a dabbobin kiwo, sai dai kowace dabba da inda saƙonta yake fitowa.

A tumaki, saƙon yana cikin gashin rago da maiƙon fatarsa. Idan aka shigo da rago cikin tumakin da suka daɗe ba su ga namiji ba kuma ba sa neman barbara, homon LH yana fara ƙaruwa cikin mintuna, ƙwai kuma ya fito cikin kwana 2 zuwa 3. Sai dai wannan na farko yawanci shiru ne, tunkiya ba ta tsaya wa rago. Barbara ta gaske takan zo ne wajen kwana 18 zuwa 25 bayan shigowarsa. Wanda bai san haka ba sai ya ce ragon ba ya aiki, ya mayar da shi bayan mako guda.

A awaki, warin yana fitowa ne musamman daga fatar kan bunsuru, wajen gindin ƙaho. A 2014 masana a Jami'ar Tokiyo da ke Japan suka ware ainihin sinadarin da ke tayar da ƙwaƙwalwar akuya daga cikin abin da kan bunsuru ke fitarwa. Akuya ta fi tunkiya saurin nunawa: wasu cikin kwana 2 zuwa 3, yawanci kuma tsakanin kwana 7 zuwa 12. Kamar yadda yake a ɓera, testosteron ne tushe. Taure ba ya wari, kuma zamansa a garke ba ya tayar da awaki yadda bunsuru ke yi.

A shanu ma an gwada, kuma a nan gida. A cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya, Peter Rekwot da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a shekarar 2000 a kan karsanu 97, wasu Bunaji, wasu ruwa biyu tsakanin Bunaji da Firisiyan. Waɗanda aka riƙa haɗawa da babban bijimi sun balaga a kusan wata 23, waɗanda ba a haɗa ba kuma sai da suka haura wata 26. Bambancin wata 3 ke nan na ciyar da karsanar da ba ta fara biyan kuɗin abincinta ba.

Masu kiwon aladu kuwa sun daɗe da wannan dabara. Saƙon yana cikin yawun babban namiji, kuma ana kai shi wurin 'yan matan na minti 15 zuwa 20 kullum idan sun kai wajen wata 5 da rabi.

Inda hatsarin yake

Ka ga wannan abu wuƙa ce mai baki biyu. Ga karsana da ke jinkirin balaga, kusancin bijimi riba ne. Ga 'yar akuya, musamman jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda dama tana balaga da wuri, kusancin bunsuru yakan zama asara. Awakinmu ba su da wani lokaci guda na barbara kamar na ƙasashen sanyi, duk shekara suna iya ɗaukar ciki. In ka bar 'yar wata 5 tana yawo da bunsuran unguwa, jikinta zai amsa kira tun ƙugunta bai isa ba.

Abin da ke biyo baya kun san shi. Ko ta yi ɓari, ko haihuwa ta zo da gardama, ko ta haifi ɗan da ba ya iya tsayuwa, nono kuma babu. In ma ta tsira, abincin da ya kamata ya gina jikinta ya tafi ga ciki, sai ta tsumbure, ta ƙare rayuwarta ƙarama. Kin yi murnar samun ɗa da wuri, kin rasa uwar da za ta yi miki shekaru tana haihuwar tagwaye. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Yadda za ka juya abin ya zama riba

Na farko, ka raba 'yan bunsuru da 'yan mata tun suna wata 3. Ɗan bunsuru yana iya yin barbara tun yana wata 4, kuma ba ruwansa da cewa wannan uwarsa ce ko ƙanwarsa. Wanda ba za ka bari don iri ba, a kira ma'aikacin dabbobi ya dandaƙe shi.

Na biyu, da nauyi za ka yanke hukunci, kada ka tsaya ga ƙirga watanni kawai. Kada a ba budurwar akuya ko tunkiya namiji sai ta kai kashi 2 cikin 3 na nauyin babbar mace ta irinta. Misali, in uwarta kilo 27 ce, a jira ta kai kilo 18. Sikelin rataya da buhu sun isa a auna. In babu sikeli, a tsayar da ita kusa da uwar a duba tsayi da faɗin ƙugu.

Na uku, in kana son awakinka su haihu kusan lokaci guda, ka nisanta su da kowane namiji na akalla wata 1. Nisantawa ta gaske, inda ba sa ganinsa, ba sa jin warinsa. Danga ɗaya a tsakani ba ta hana wari. Damina ce ta fi sauƙin wannan, tunda dabbobi suna ɗaure saboda gonaki. In maƙwabta suna da bunsuru a sake, sai an yi shawara da su, domin naka kaɗai ba zai yi ba.

Na huɗu, ka gyara jikin matan kafin namiji ya shigo. Mako 2 zuwa 3 kafin lokacin a ƙara musu dusa, harawa, kowar wake da gishirin lasa, a ba su maganin tsutsar ciki, a tabbatar an yi musu rigakafin PPR. Akuyar da haƙarƙarinta ke waje ba ta amsa kiran bunsuru yadda ya kamata, ko da warinsa ya cika gari.

Na biyar, ka zaɓi namiji cikakke, mai lafiya, mai kuzari, wanda ya haura shekara 1. Ɗan ƙarami ko ramamme saƙonsa ba shi da ƙarfi. Baƙon namiji ya fi wanda suka saba da shi tayar da mata, kuma sauya shi yana kare garke daga barbarar dangi. Tunda matan za su nema kusan tare, kada ka ɗora masa fiye da 10 zuwa 15.

Na shida, ka bar shi a cikinsu na kusan mako 6. Zagayen akuya kwana 21 ne, na tunkiya kwana 17, saboda haka wadda ba ta ɗauka a karon farko ba za ta sami dama ta biyu. Bayan nan a fitar da shi.

Na bakwai, ka rubuta ranar da ya shiga. Cikin akuya da tunkiya kusan kwana 150 ne, wato wata 5. In ka shigar da namiji a watan Yuni, haihuwa za ta faɗo a Nuwamba, lokacin kaka, ga harawa ga kara, damshin da ke kawo tsutsa ya wuce. Ƙananan za su tashi sa'anni, ka yi musu rigakafi rana ɗaya, ka kai su kasuwa tare.

In ba ki da bunsuru

Mata da yawa suna da akuya 2 ko 3 a cikin gida, aron bunsuru suke yi. Matsalar ita ce sanin ranar da za a aro shi, domin neman barbarar akuya kwana 1 zuwa 2 ne ya wuce. Ga dabara mai araha. A sami tsumma a goge kan babban bunsuru da shi sosai, wajen gindin ƙaho, a sa a kwalba mai murfi. Kullum safe da yamma a buɗe a kai wa akuyar ta shinshina. Wadda lokacinta ya yi za ta bi tsumman, tana kaɗa bindi da sauri, tana yawan kuka. Za a ga gabanta ya ɗan kumbura ya yi ja, da ruwa mai yauƙi. Ranar za a kai ta, ko a kawo mata. A ɓoye kwalbar nesa da 'yan matan da ba su kai nauyi ba.

Abin riƙewa

Namiji a garke ba barbara kaɗai yake yi ba. Zamansa kawai yana gaya wa jikin kowace mace cewa lokaci ya yi, ko ta isa ko ba ta isa ba. Saboda haka ranar da mace za ta fara jin warinsa kai ya kamata ka zaɓa, kada ka bar wa bunsuran unguwa. Yau ɗin nan ka leƙa garkenka, ka ƙirga 'yan matan da ba su kai kashi 2 cikin 3 na nauyin iyayensu ba, ka ware musu turke nesa da namiji. In kana buƙatar taimako wajen auna nauyi, dandaƙa ko rigakafi, ka tuntuɓi malamin gona ko ma'aikacin dabbobi na yankinku. Allah ya sa albarka a kiwo.